Hagun Inna da Matar Cikin Tabarau

Tun da muka dawo daga Keita ban huta ba. A lakwal, makarantar da nake koyarwa, abokan aiki sun tsare ni, a bakin famfo mata sun tsare ni, har mai gyaran takalmi na kusa da tasha, wanda bai taɓa yi mini magana ba sai ta ciniki, ya ce, "Madam, wai gaskiya ne an ba tsohuwarku tabaran da ake ganin aljanu?" Wata kuma ta rantse mini ta ji an ce waya aka dasa wa Inna a ƙwaƙwalwa. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya ɗauka ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in sha iska.

Sai dai dole in fara da abin da ya fitar da mu daga gida, don ba yawon buɗe ido muka je ba. Wa zai tafi Keita buɗe ido a tsakiyar bazara?

Bayan kakar bara tansiyo, wato hawan jini, ya buge Inna. Tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ta zube. Aka kwantar da ita asibiti, Allah ya tashe ta, baki ya koma daidai, ƙafa ta dawo da ɗan ja. Hannun hagu kuwa ya ce shi da aiki har abada. Yana nan rataye a jikinta, sai ta ɗauke shi da dama ta ajiye a cinya.

Masu zuwa dubiya duk bakinsu ɗaya. "Kai, Allah ya taimaka da hagu ce! Da dama ce fa?" Wai za ta ci abinci, za ta gaisa, za ta ja tazbaha, to me ya rage? Su sha ruwanmu su tashi, suna jin sun kwantar mana da hankali. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa aikin da hagu take yi wa ɗan Adam. To ni zan faɗa, ko da ba a faɗarsa cikin mutane. Dama ke riƙe buta, hagu ke tsarki. In hagu ta tafi, sai wani ya shiga makewayi da kai. A gidanmu wannan wanin ni ce, 'yar fari, wadda Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa cin abinci a gabanta ba saboda kunya. Na ce mata malamai sun ce lalura ce, in zuba mata ruwa ta yi da dama. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Hannun da nike cin tuwo?" Daga nan ban sake tayar da maganar ba. Mu shiga, ta juya fuska bango, ni ma in kau da kai, a gama mu fito.

Sai Inna ta samo tata dabarar, ta daina ci. Fura ta kurɓa ta ture, tuwo ta taɓa ta ce ya ishe ta, ruwa sai ta jiƙa leɓe. Wanda bai ci ba ai ba ya zagayawa. Matar da take matse man gyaɗa ita kaɗai tun muna yara ta fara ƙarewa a gabana, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Wannan ne ya firgita ni, ba hannun ba.

Ƙanena Illa yana Abijan yana sayar da agogo, kuma daga can yake mulkin gidanmu ta waya. Wata safiya ya aiko da murya. "Yaya, na gani, wata ƙungiya za ta zo Keita da wani tabarau. Ana sa waya ciki, mai shanyewar hannu ya dinga motsa jiki a gida, ba sai an je Yamai ba. Kuɗinsa bai kai na ɗan akuya ba. Ki kai Inna, kar ki yi sakaci." Ku ji fa, sakaci. Shi da ko butar Inna bai san kalarta ba.

Na tambayi wata abokiyar aikina me ya sa za a tsallake garinmu Madawa mai gudro, wato kwalta, da asibiti a kai abu Keita. Ta ce haba Madam, forje, aikin ƙungiyoyin agaji, ai ya san hanyar Keita kamar yadda jaki ya san hanyar gida, ko ba kowa a kansa can zai nufa.

Da na gaya wa Inna, cewa ta yi, "Idona lahiya lau yake. Hannu ya mutu, a ba ni tabarau? Gobe in ƙafa ta yi ciwo sai a ba ni ɗan kunne." Na yi lallashi har na gaji. Sai da na kunna mata muryar Illa ta yarda, don shi auta ne, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa.

Muka shiga irin motar nan da ake kira dis-nef, wai mutum goma sha tara take ɗauka. Wanda ya raɗa mata sunan bai taɓa zuwa tashar Madawa ba. An ɗora siminti da kwanon rufi a sama, an cusa rago ƙarƙashin kujerar baya, ni kuma gwiwata tana cikin kwandon wata mata 'yar Tama da ta kawo kauɗar tumatir kasuwa. Shofer ya ba Inna gefen taga, ya ce, "Hajiya, ki riƙe da kyau." Inna ta ce, "Da wane hannu?" Bai sake ba ta shawara ba har muka rabu.

Sauran fasinja kuwa, ashe motar likitoci muka shigo. Kafin mu bar gari an rubuta mana magani kala-kala. Mai ragon ya ce man jimina, a shafa a daure. 'Yar Tama ta ce ba tansiyo ba ne, iska ne ya mare ta, ita ta san wata mata a bayan garinsu. Wani mai rawani ya ce ƙaho, a zuƙe mataccen jinin. Da na ce tabarau za mu karɓo, sai kowa ya dube ni da tausayi. Mai ragon ya ce a hankali, "Allah sarki, boko."

Mu mutanen Madawa a wurinmu inda gudro ya ƙare nan ƙasa ta ƙare, abin da ke gaba sai a hankali. Kuma kamar don a tabbatar mana, daidai nan aka gitta igiya da ganga biyu. Wani jandarma ya leƙo ya ce kowa ya fito da kardante, katin shaida. Ya karɓi ta Inna, ya dubi hoton, ya dube ta, ya sake duban hoton. Hoton na lokacin da take da kumatu ne.

"Hajiya, ke ce wannan?"

"Ni ce, kafin in ƙare. In ka ga mai shi a hanya ka ce ina nemanta."

Ya yi dariya ya miƙo mata, ya yi mata addu'a. Ni ban yi dariya ba, don hoton bai daɗe da ɗauka ba.

Daga nan hanya ta koma jan tsakuwa, mota tana kakkaɓe mu. A bakin wani busasshen rafi taya ta fashe. Muka sauka ƙarƙashin gawo, rana tana dukan ƙeya, kowa ya ɗaga gora yana sha, maza suka bi ta nan mata suka bi ta can bayan geza. Na miƙa wa Inna ruwa.

"Ba ni jin ƙishirwa."

"Inna, leɓenki ya tsage."

"Ke, na ce ba ni ji."

Na san lissafin da take yi. Tana duban gezar nan, tana duban matan motar, tana ganin kanta da ni a tsugune a gabansu. Na mayar da gorar cikin jaka, raina a ɓace, ban ma san da wa nake fushi ba.

La'asar sakaliya muka shiga Buza. Gwaggo Tsahara, 'yar'uwar marigayi babanmu, ita ta sauke mu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne unguwarsu ba maza, sai tsofaffi da jarirai, duk majiya ƙarfi sun tafi bida, wato ci-rani. A tsakar gidanta ga wani ɗaki na siminti, da fenti da ƙofar ƙarfe, an danna masa kwaɗo. Na ɗanta ne da ke Libiya. Ita kuma tana kwana a ɗakin ƙasa mai yoyo tana gadin kwaɗon. Na ce Gwaggo, a buɗe mana mana. Ta zaro ido kamar na ce a buɗe kabari. Muka shimfiɗa tabarma a rumfa.

Furarsu kuwa, Allah ya ba su haƙuri. Mu a gida ludayi kan tsaya a cikin ƙwarya. Su ruwa ne aka nuna masa gero daga nesa. Amma wajen tilasta wa baƙo ci ba su da na biyu. Gwaggo ta ajiye ƙwarya gaban Inna ta zauna ta zuba mata ido.

"Azumi nike," in ji Inna.

"Azumi a hanya? To madalla. Allah shi amsa."

Inna ta ɗauka ta tsira. Ana kiran magariba sai ga Gwaggo da tuwon dawa malmala uku, miyar kuɓewa busassa da man shanu, har da zabuwar da ta yanka saboda mai azumi. Ta ce, "Ko tuwon Buza bai kai na Madawa ba?" Ina mafita? Inna ta ci, kuma wallahi ta ci da yawa, don yunwar watanni ce. Ina kallonta ta gefen ido ina jin daɗi, ina kuma jin tsoron safiya.

Da safe kuwa aka biya. Makewayin Gwaggo katangar duwatsu ce da ba ta wuce ƙirji ba. Su a wurinsu ba komai ba ne, mutum na ciki maƙwabciya na shanya tana tambayarsa kwanan gida. Muna shiga wata ta leƙo da fara'arta, "Baƙin Madawa, an tashi lahiya? Ina gajiya?" Sai ta gan mu mu biyu, ta ga butar a hannuna, ta yi shiru ta janye kai. Shirun nan ya fi gaisuwar ciwo.

Da muka fito Inna ta zauna bakin tabarma ta daɗe. Ba ta dube ni ba ta ce, "In wagga tahiya ba ta yi ba, kar ki sake kai ni ko'ina. Ki bar ni ɗakina har Allah shi yi ikonshi." Na ce to.

Daga Buza zuwa Keita bayan wata buɗaɗɗiyar mota na hau, Inna a gaba kusa da shofer. Duwatsu dai, duwatsu. Gonakinsu ma duwatsu aka jera layi-layi don tare ruwa, itatuwa kuma a sahu kamar 'yan lakwal ranar da sufeto zai zo. A nan zan yi musu adalci: ƙasar da mu za mu tofa wa miyau mu wuce, su sun sa ta ta yi tsiro.

Amma mutanen Keita sun sha forje har ya zama musu yare. Muna sauka mai kabu-kabu ya tare mu. "Benefisiye ne ku, ko partisipan?" Na ce marar lafiya na kawo. Ya ce, "To benefisiye ke nan, mai cin gajiya. Ke kuma akompanyan, 'yar rakiya." Tsohuwa mai ƙosai ta tambaye ni forjen mene ne wannan karon. Na ce na shanyewar hannu. Ta ce, "Ash, ban da shi. Na akuya dai nike jira." Mu a Madawa in baƙo ya zo ana tambayarsa daga ina. A Keita tambayarsa ake wa ya turo shi, kuma zai daɗe ko na wata shida ne.

Aka kai mu wani babban ɗaki mai rufin kwano, an rataya ƙyalle mai rubutun Faransanci. Tsofaffi sun cika benci, kowa da hannunsa a cinya da wanda ya rako shi. Aka fara jawabi. Wani mai kwat daga Yamai, shi ne kordonater, shugaban forjen, ya yi ta zuba Faransanci har gumi ya jiƙa masa wuya. Tafinta ya tashi ya ce, "Ya ce sannunku da zuwa." Wani ya sake tashi ya zuba nasa. Tafinta ya ce, "Shi ma haka." Sai mai hoto ya shigo gaba, ya ce don a nuna farin ciki kowa ya ɗaga hannu biyu sama. Ɗaki cike da masu shanyewar hannu fa! Wani tsoho a bayanmu ya ce, "Yaro, in mun iya wannan mi ya kawo mu?"

Sai bayan an gama wannan wasan aka ba mai aikin gaske wuri. Sunanta Ramatu, 'yar Tawa, likitar motsa gaɓoɓi, su suna ce mata kine. Ba ta yi jawabi ba. Ta ɗaga abin ta nuna mana. Wani akwatin roba ne mai madauri, ana zura waya ta gaba, a ɗaura wa mutum a fuska, sai kuma wani abu kamar agogo a ɗaura a hannun da ya mutu. Ta ce, "Ba magani ba ne, ba tsafi ba ne. Hannu ba ya dawowa sai an yi ta motsa shi, kuma motsa shi haka kawai akwai gundura. Wannan wasa ne da zai sa ku motsa ba ku sani ba. In kun motsa kaɗan, a ciki za ku ga ya motsa da yawa."

Aka fara da tsohon nan na bayanmu, shi damarsa ce ta shanye. Ana ɗaura masa sai ya tuɓe takalmi, ya ce ɗakin mutane da shimfiɗa ba a shiga da takalmi. Aka yi dariya. Ba a jima ba muka ga kafaɗarsa tana rawa, hannun yana ja, wayar tana ƙara mai daɗi. Aka tafa masa, kordonater ya danna wani abu a kwamfutarsa.

Ramatu ta bar ni na leƙa kafin a sa wa Inna. Lambu ne kore shar, ga wata mata tsaye, gashi a sake, tana murmushi, tana miƙo wani jan ɗan itace irin wanda ake kawowa daga waje a kwali. Aikinka ka karɓa ka sa a kwando.

Aka ɗaura wa Inna. Ta yi tsam, sannan muka ji ta ce, "Salamu alaikum." Ta jira. "Sannu da aiki." Ta sake jira. Sai ta miƙa hannun dama. Wayar ta yi wata ƙara kamar ta tsaki.

"Hagu, Inna," in ji Ramatu.

Inna ta sake miƙa dama. Aka riƙe mata damar a hankali. Sai ta zauna ƙiƙam, hagu ko motsi, har lokaci ya ƙare. Ta sa hannu ta ture tabaran ta ce mini, "Ke, mu tahi gida."

Aka gwada wasu. Masu ciwon dama duk suka yi abin kirki. Masu ciwon hagu kuwa, in ban da wani tsohon soja, duk irin na Inna suka yi. Kordonater ya duba kwamfutarsa ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano ɓarawo. Ya kira mu masu rakiya ya yi mana bayani. Wai akwai wani abu da ake kira negilijans, in ciwon ya taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwa sai mutum ya manta yana da ɓangaren hagu gaba ɗaya, ko abinci aka sa masa a can ba zai gani ba. Wai irin waɗannan tabaran ba zai amfane su ba, kuma tabaran ba su da yawa, za a ba waɗanda suka dace.

Na tuna abin da Inna ta ce a Buza. Na kwaso duk Faransancin da nake koya wa yara na zuba masa, na ce matar nan ƙuda ya sauka a kafaɗarta ta hagu tana ganinsa. Ya juyo mini da kwamfutar ya ce, "Madam, ga abin da na'ura ta nuna."

Sai Ramatu ta taso. Ta je ta durƙusa gaban Inna.

"Inna, kin ga matar?"

"Na gan ta."

"Kin ga abin da take miƙo miki ta hagu?"

"Ɗiyata, hannu ya mutu, ban makance ba."

"To mi ya hana ki gwada?"

Inna ta dube ta kamar ta yi tambayar wauta. "Baƙuwa ta miƙo mini abu, in amsa da hagu? Uwata ba ta yi mini wanga reno ba."

Wata tsohuwa daga benci ta ce, "Gaskiyarki!" Wani ya ce shi ma abin da ya gani ke nan, ya rasa yadda zai yi. Ni kuwa sai na ji bayan hannuna yana zafi, don duk cikinmu ba wanda Inna ba ta ƙwala wa ludayi ba saboda karɓar abu da hagu. Ramatu ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta ce ita ma kakarta ta yi mata, amma da yake da Faransanci ta koyi aikin, abin bai zo mata a rai ba.

Kordonater ya ce a fahimtar da ita ba mutum ba ce, hoto ne. Inna ta ce, "Na san hoto ne. Ko hoto ne ai da fuska." Ya ce to sai a rubuta wa waɗanda suka ƙera abin su canza, a jira zuwa zagaye na gaba. Kowa a Keita ya san abin da ake nufi da zagaye na gaba, har an fara neman takalma.

Ramatu ta gyara durƙusonta. "Inna, da kinka shiga kin yi mata sallama?"

"Na yi."

"Ta amsa?"

"Ko tari ba ta yi ba."

"Kin yi mata sannu?"

"Na yi. Sai washe baki take. Kai ko kallabi babu."

"Kuma kin haife ta."

"Na yi jika da ita!"

"To Inna, mace irin wagga, da wane hannu ya kamata a amshi kayanta?"

Inna ta daɗe tana duban ƙasa, na ga muƙamuƙinta yana motsi. Ta ce, "Maido mini tabaran."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba wata mu'ujiza muka gani ba. Ta cije leɓe, jijiyar wuyanta ta tashi, gumi ya keto ƙarƙashin robar. Kafaɗar ta fara ɗagawa. Hannun da ya yi watanni a kwance ya ja jiki a kan cinyarta, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Wayar ta yi ƙarar nan mai daɗi. Inna ta ce da ƙarfi, "Kawo, marar kunya!" Ni sai na ji hawaye yana zubo mini, ina dariya ina kuka a gaban mutane.

Kafin azahar ɗakin ya kaure. Tsofaffi masu mutunci, wasu da rawani, kowa da akwati a fuska yana zazzaga wa matar cikin lambu rashin mutunci da hagu. Kordonater ya yi ta bugawa a kwamfuta. Na leƙa na ga ya rubuta cewa tawagarsa ta daidaita na'urar da al'adun yankin. Ya kira mai hoto ya tsaya kusa da Inna yana murmushi, ita kuwa ba ta ma san yana wurin ba.

Da za mu tafi Ramatu ta ja ni gefe ta nuna mini yadda ake kunnawa. Ta ce safe da yamma, ko tana so ko ba ta so. Ta ce kar in sa rai da yawa, ba kowane hannu ke dawowa ba, wani rabi, wani ko kaɗan. Sannan ta rage murya ta ce, "Na san abin da ya sa ba ta ci. Rabin matan nan haka suke. Ki yi haƙuri da ita." Ban taɓa gaya wa kowa ba, sai ga wadda ta sani ba a gaya mata ba.

Dawowa ba wani labari, hanya ɗaya ce da duwatsunta. Inna ta rungume akwatin a cinya, ba ta yarda an sa shi cikin kaya ba. Illa ya aiko da murya yana cewa, "Ba na gaya muku ba?" Ya kuma umarce ni in dinga tura masa bidiyo.

A gida muka shiga sabuwar rayuwa. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, in kai waya shagon caji in dawo. Wayar ta yi zafi, in sa ta kan randa ta huce. Inna kuwa ko sau ɗaya ba ta ƙi zama ba. Kullum sai ta fara da sallama, wai don kar a ce ita ta fara rashin kirki, in ba a amsa ba sai a hau aiki. Maƙwabta suna jin "Ungo, 'yar ƙaniya, kawo wancan ma!" ta kan katanga, daga nan ne maganar aljanu ta samo asali. Hannun ya bar cinya ya kai cibiya, ya kai ƙirji. Yatsun suka fara lanƙwasa, ba duka ba, ƙaramin har yau yana nan a sandare. Ci dai bai ƙaru ba, kuma kullum ni ce a bayanta zuwa makewayi.

Ran Jumma'ar da ta wuce da hantsi ina wanki, sai na ga ta tashi ta ɗauki buta. Na ɗauraye hannu na miƙe kamar kullum.

"Ke, ina za ki?"

"Inna, ai..."

"Zamna."

Na zauna. Ta ja ƙafa ta shige, ta saki labulen buhu. Ta daɗe. Na ji butar ta faɗi, ruwa ya malalo ta ƙarƙashin katanga. Na miƙe tsaye, na kai har bakin labulen, sai na tsaya. Ban shiga ba. Wallahi tsayuwar nan ta fi mini duk hanyar Keita wuya. Na ji ta ɗauki butar, na ji tana mita ƙasa-ƙasa.

Da ta fito gefen zanenta sharkaf, tana haki. Na koma kan wankina da sauri kamar ban taɓa tashi ba. Ta wanke hannu da sabulu, ta wuce ni ta zauna kan tabarmarta, ta daɗe tana mayar da numfashi. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba, don idona ya cika.

Can ta ce, "Ke. Akwai sauran tuwon jiya?"

Na ce akwai.

"A ɗumama. A sa mai. Kuma a kawo ruwa, babban kwano."